Harpoon na 1989: Wasan Yaƙin Teku da Ke Hukunta Wanda Ya Fara Bayyana Kansa

A ƙarshen shekarar 1989 ne kamfanin Three-Sixty Pacific da ke jihar Kaliforniya ta Amurka ya fitar da Harpoon, wasan dabarun yaƙin teku da aka tsara domin kwamfutocin gida masu aiki da manhajar MS-DOS, kafin daga bisani a sake shi a kan Macintosh da Amiga. Wasan yana ɗora mai wasa a kujerar kwamandan rundunar ruwa, ko dai ta ƙungiyar tsaro ta NATO ko ta Tarayyar Sobiyet, a wani yaƙi da ɓangarorin biyu suka shafe shekara arba'in suna yi wa shiri amma Allah bai nufa sun gwabza ba. Ya shigo kasuwa ne kusan lokacin da katangar Balin ta faɗi, wadda ta faɗi cikin watan Nuwamba na wannan shekarar, kuma shekara biyu bayan haka Tarayyar Sobiyet ɗin kanta ta wargaje. Duk da cewa duniyar da aka gina shi a kanta ta shuɗe tun yana sabo, ina ganin har yau ya cancanci a zauna a kansa, domin ya kama wani abu guda game da yaƙin teku na zamani wanda wasanni da yawa masu kyan hoto ba su kama ba: yawan makami ba ya amfanar kwamandan da bai san inda abokin gaba yake ba, kuma duk yunƙurin da zai yi na ganowa yana iya tona nasa asirin.

Asalin Harpoon ba a kwamfuta yake ba. Larry Bond, tsohon hafsan sojan ruwan Amurka, shi ya fara tsara shi a farkon shekarun 1980 a matsayin wasan kan tebur, wanda ake yi da ƙananan siffofin jiragen ruwa da ma'auni da jadawalin lissafi. Bond ya tattara bayanan da aka wallafa a fili game da jiragen ruwa da jiragen sama da makaman ɓangarorin biyu, ya mayar da su ƙa'idojin wasa, har marubuci Tom Clancy ya dogara da shi wajen gwada yadda wasu faɗace-faɗacen teku za su kaya a littafin Red Storm Rising na 1986, wanda shi da Bond suka yi aikinsa tare. Sai dai wasan tebur yana da matsala biyu. Ta farko ita ce nauyin lissafi, domin harin da zai ɗauki minti biyar a teku yana iya cinye wa 'yan wasa yini guda suna duba jadawali. Ta biyu, wadda ta fi girma, ita ce mutanen da ke zaune a tebur ɗaya suna ganin jiragen juna, sai an samo mutum na uku ya zama alƙali ya riƙa ɓoye wa kowa abin da bai kamata ya sani ba. Kwamfuta ta ɗauke nauyin duka biyun. Ita ce mai lissafi, ita ce kuma alƙalin da ba ya nuna maka komai sai abin da na'urorin jiragenka suka gano da kansu.

Fagen da aka fara sayar da wasan da shi shi ne arewacin Tekun Atlantika da Tekun Nowe, musamman mashigar da ke tsakanin Girinlan da Aisland da Birtaniya, wadda masu tsara yaƙi ke taƙaitawa da GIUK. Zaɓin wannan wuri ba don ƙawa ba ne. A wancan lokaci Rundunar Arewa ta Sobiyet tana da sansanoninta a yankin Kola, kusa da birnin Murmansk, kuma idan jiragenta na ƙarƙashin teku suna son isa ga ayarin jiragen da za su kawo sojoji da kayan yaƙi daga Amurka zuwa Turai, dole su ratsa wannan mashiga. Saboda haka sansanin jiragen sama na Keflavik a Aisland, da filayen jiragen arewacin Nowe da na Sikotilan, suka zama wuraren da dukkan lissafi ke komawa gare su. Mai wasa ba ya buƙatar karanta wani littafin tarihi kafin ya fahimci wannan, domin taswirar ce da kanta ke koya masa: da zarar ya rasa Keflavik, zai ga yadda jiragen saman abokan gaba ke samun hanya har tsakiyar teku ba tare da kowa ya tare su ba.

Wanda ya buɗe wasan yau zai tarar da allo mai launuka goma sha shida, an raba shi gida-gida. Akwai babbar taswira da ke nuna rukunonin jirage, akwai wata da ke faɗaɗa wuri ɗaya don a ga kowane jirgi shi kaɗai, akwai ƙaramar taswirar fagen baki ɗaya, sannan akwai gurbin rahotanni. Jiragen ba hotuna ba ne, alamomi ne, kuma mai wasa yana iya zaɓar irin alamomin da sojan ruwa ke amfani da su a ɗakin ba da umarni. Sauti kusan babu, sai ɗan ƙarar gargaɗi da gajerun hotuna masu motsi idan an harba makami ko ya sami jirgi. Ba zan ɓata lokaci ina kare wannan ba: hoton ya tsufa. Amma rashin ado bai cuci wasan ba, domin kwamandan gaske ma ba ya tsayawa a saman jirgi yana kallon teku, yana cikin ɗaki ne mai duhu yana kallon alamomi a kan allo.

Umarnin da ake bayarwa na kwamanda ne, ba na matuƙi ba. Kana shata wa rukuni hanyar da zai bi, ka ƙayyade saurinsa, ka faɗi tsayin da jiragen sama za su tashi ko zurfin da jirgin ƙarƙashin teku zai nutsa, ka zaɓi irin makaman da za a ɗora wa jiragen da ke ƙasa, ka kuma yanke shawarar kunna na'urorin gano abokin gaba ko barinsu a kashe. Agogon wasan yana tafiya ba tsayawa, amma kana iya barinsa daƙiƙa da daƙiƙa ko ka matse shi har daƙiƙa ɗaya ta zama rabin sa'a, wanda ke da amfani ƙwarai saboda yawancin yaƙin teku jira ne. Akwai kuma wani hafsa mataimaki da ke fitowa a allo yana kawo rahoto, yana sanar da kai an gano wani abu, ko jiragen sama sun kusa ƙarar da mai, ko lokacin harbi ya yi.

Zuciyar wasan tana cikin wannan umarni na kunna rada ko kashe ta. Rada tana aika igiyar lantarki ne ta jira ta dawo, kuma igiyar da ta tafi ta dawo ta yi rauni fiye da wadda ta tafi kawai, don haka abokin gaba mai na'urar sauraro zai ji radarka tun daga nesa da inda kai za ka iya ganinsa. Lamarin kamar na mai haska tocila ne a dokar daji cikin dare: shi yana ganin 'yan taku kaɗan a gabansa, amma duk wanda ke laɓe ya hango shi tun daga nesa. Ƙari a kan haka, irin igiyar da aka ji tana nuna irin radar da ta aiko ta, irin radar kuma tana nuna irin jirgin da ke ɗauke da ita. Ga kuma matsalar lanƙwasar doron ƙasa, wadda ke sa radar da ke kan jirgin ruwa ba ta ganin abin da ke tafe dab da ruwa sai ya matso 'yan kilomita talatin ko arba'in, tazarar da makami mai linzami ke cinyewa cikin minti biyu ko uku. Idan ka kashe rada, ka ɓuya amma ka makance. Idan ka kunna, ka gani amma ka kira mutuwa da sunanka. Babu amsa ɗaya da ke aiki kullum, kuma wasan ba ya faɗa maka wadda ta dace.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne yadda Harpoon ke zana shakku a kan taswira. Idan na'urar sauraro ta ji wani abu, ba a ɗora maka alamar jirgi a daidai wurinsa, sai a zana maka wani fili mai kusurwoyi, wani lokaci dogo siriri da ya miƙe ɗaruruwan kilomita, ma'ana abin yana wani wuri a cikinsa. Idan wani jirginka da ke wani ɓangare ya sake jin sa, layukan biyu su haɗu, filin ya tsuke. Idan aka daina jin sa, filin ya riƙa faɗaɗa da wucewar lokaci, domin abin yana tafiya kai kuma ba ka san inda ya nufa ba. Kallon wannan fili yana tsukewa har ya kai girman da za a iya harba makami a kansa, shi ne ainihin daɗin wasan, kuma harbin da ke biyo baya sau da yawa cikawa ce kawai ta aikin da aka riga aka gama.

Faɗan farko a jerin faɗace-faɗacen da wasan ya tanada, mai suna Dawn Patrol, ƙarami ne da gangan: 'yan ƙananan jiragen ruwa masu makamai masu linzami ne ke farautar juna a gaɓar Nowe. Irin waɗannan jirage ba sa jure duka, makami ɗaya ko biyu ya ishe su, saboda haka wanda ya fara gano ɗan'uwansa shi ke da nasara kusan kullum. Sabon mai wasa yakan kunna duk radar da yake da ita don ya ga abin da ke gabansa, kuma yakan ga makamai sun nufo shi daga inda bai zata ba. Darasi ne mai kyau, kuma an yi hikima da aka sa shi a farko, kafin a miƙa wa mutum rundunar da ta ƙunshi jirage da dama.

Inda wasan ke nuna cikakken ƙarfinsa shi ne lokacin da aka ba ka babban jirgin dakon jiragen yaƙi na Amurka ka shiga da shi Tekun Nowe. Barazanar da ke kanka ita ce jiragen sama masu kai hari na Tu-22M, waɗanda NATO ke kira Backfire, ɗauke da makaman Kh-22 masu ninka saurin sauti fiye da sau uku, waɗanda ake harbawa daga nisan ɗaruruwan kilomita. Sai dai su ma ba za su harba ba sai sun san inda kake, don haka akan fara turo jirgin leƙen asiri na Tu-95, wanda ake kira Bear, ya yi ta shawagi yana nema. Kai kuma dabararka ita ce ka bar radar jiragen ruwanka a kashe, ka tura jirgin E-2C Hawkeye mai faifan rada a bayansa ya tashi can gefe, nesa da rundunar, domin idan aka ji shi kada a gane ainihin inda jiragen ruwan suke. A gabansa kuma, ta fuskar da kake zaton hari zai fito, ka ajiye jiragen F-14 masu makaman Phoenix da ke cin nisan fiye da kilomita ɗari da hamsin.

Daga nan sai lissafi ya fara tsananta. Jiragen F-14 ba za su dawwama a sama ba, mai yana ƙarewa, kuma wanda ya sauka sai ya ɗauki lokaci ana sake shirya shi. Idan ka tashe su duka tun da wuri, harin zai iya zuwa a lokacin da suke kan hanyar komawa. Idan ka riƙe su a kan jirgi, ba za su isa su tare maharan ba kafin su saki makamansu. Sai ga rahoto ya shigo cewa an ji radar Bear daga arewa maso gabas. Yanzu tambayar ita ce ko ka tura jirage biyu su kakkaɓo shi kafin ya gan ka, alhali kakkaɓo shi ma yana nuna wa abokin gaba cewa akwai jirgin dako a yankin. A ce ka makara ya gan ka. Bayan wani lokaci Hawkeye zai nuna maka tarin alamomi suna gangarowa da gudu, kuma kowane Backfire da ka harbo kafin ya kai wurin sakin makami ya rage maka makami ɗaya ko fiye da za ka fuskanta. Waɗanda suka tsira za su saki nasu su juya, kuma a wannan lokacin ɓuya ba ta da sauran amfani, dole ka kunna komai. Jirgin rakiya na ajin Ticonderoga mai tsarin kariya na Aegis, wanda na farkonsa ya fara aiki a 1983, zai fara harba makaman kariya ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka mayar da agogo daƙiƙa da daƙiƙa kana kallon alamomin makaman da ke tafe suna raguwa, kana kuma kallon adadin makaman kariyarka yana raguwa tare da su. Ko da ka tsira daga wannan zagaye, rumbun makaman jirgin rakiyar ya yi ƙasa, kuma maharan da suka koma Kola za su sake ɗaukar kaya su dawo.

Tsoron da wasan ke sa wa mutum a irin wannan lokaci yana da tushe a abin da ya faru da gaske. A watan Mayu na 1982, a yaƙin tsibiran Fokland, makamin Exocet guda ɗaya da jirgin saman Ajantina ya harba ya sami jirgin yaƙin Birtaniya HMS Sheffield, mutum 20 suka mutu, jirgin kuma ya nutse bayan 'yan kwanaki. A watan Mayu na 1987 wasu Exocet biyu daga jirgin saman Iraƙi suka sami USS Stark na Amurka a Tekun Fasha, suka kashe sojojin ruwa 37. Waɗanda suka sayi Harpoon a 1989 suna tune da waɗannan abubuwa. Mai wasa na yau kuma yana da nasa misalin, domin babban jirgin yaƙin Sobiyet mai suna Slava, wanda ajinsa ke cikin kundin bayanan wasan, shi ne aka sauya wa suna zuwa Moskva, wanda ya nutse a Baƙin Teku a watan Afrilu na 2022, inda Yukiren ta ce makamanta na Neptune ne suka same shi, Rasha kuma ta ce gobara ce ta tashi a cikinsa.

Yaƙin ƙarƙashin teku yana da nasa yanayin dabam, mai sanyi da jan rai. A nan kunne ne ke aiki, wato na'urar sona. Jirgin ƙarƙashin teku da ke gudu yana yin ƙara, ƙarar kuma tana tona shi tana kuma toshe nasa kunnen, don haka wanda ke son ji dole ya yi rarrafe, wanda ke rarrafe kuma ayari zai wuce ya bar shi. Wasan ya kula da cewa ruwan teku yana da wani shimfiɗi inda ɗumin sama ke rabuwa da sanyin ƙasa, wanda ke karya tafiyar sauti, ta yadda jirgin da ya nutsa ƙarƙashinsa zai iya ɓuya daga mai saurare a sama. Ya kuma kula da yadda sauti a teku mai zurfi ke lanƙwasawa ya sake ɓullowa a wasu zobba masu tazarar kusan mil talatin na teku, abin da ke sa ka ji abu daga nesa, ya ɓace, sannan ka sake jin sa ya matso. Idan kai ne mai rakiyar ayari, za ka tura jirgi mai saukar ungulu ko jirgin sintiri na P-3 Orion ya je ya zuba na'urorin sauraro masu iyo a kan ruwa, ka jira, ka sake zubawa, alhali ba ka da tabbacin ko abin da ka ji yana nan ko ya sulale ya nufi jiragen dakon kayan da aka ba ka amana. Wannan ɓangare ba zai yi wa mai gaggawa daɗi ba, amma a ganina shi ne ya fi kowane tsufa da kyau.

Akwai wani allo na tsara jeren runduna wanda ya kamata a yaba masa. Yana nuna rundunar a matsayin zobba masu zagaye juna: manyan jirage a tsakiya, masu kariya daga harin sama a zobe na gaba, masu farautar jiragen ƙarƙashin teku a wanda ke biye, sai 'yan gadin nesa a can waje. Kana ɗaukar kowane jirgi ka ba shi yankin da zai tsare. Jiragen rakiya ba sa taɓa isa su rufe ko'ina, saboda haka tsara jeren yana nufin yanke hukunci kan ta ina kake zaton hari zai zo, da kuma wane ɓangare ka yarda ka bari a buɗe.

Ina ba da shawarar kada a tsaya a ɓangaren NATO kaɗai. Wanda ya karɓi rundunar Sobiyet zai gane cewa an gina ta ne a kan wata dabara dabam. Ba ta da jiragen dako irin na Amurka, don haka ƙarfinta yana cikin manyan makamai masu cin dogon zango, irin Granit guda ashirin da ke kan jirgin Kirov mai aiki da nukiliya, da guda ashirin da huɗu da ke kan jirgin ƙarƙashin teku na ajin Oscar. Matsalarta ita ce makaman sun fi idanunta cin nisa. Aikin kwamandanta shi ne ya samo inda abokin gaba yake, ko da zai yi asarar jiragen leƙen asiri, sannan ya daidaita lokaci yadda makaman sama da na kan ruwa da na ƙarƙashin ruwa za su isa a tare su fi ƙarfin kariya. Idan suka isa a rarrabe, za a tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Wasan yana da nakasu, kuma wasu daga ciki manya ne. Mafi girma shi ne raunin kwamfuta a matsayin abokiyar karawa. Tana iya kai hari mai zafi idan tsarin faɗan ya riga ya shata mata hanya, amma ba ta iya sauya shawara idan al'amura suka juya, kuma tana yawan turo jiragen samanta ta hanya ɗaya su faɗa tarko ɗaya sau da sau. Da zarar mai wasa ya gane halinta, faɗace-faɗace da yawa sukan yi sauƙi fiye da kima, kuma fitowar farko ba ta ba mutum biyu damar karawa da juna ba, abin da da ya magance wannan matsala. Na biyu, sansanonin jiragen sama da jiragen dako ba sa ƙarar da makaman da ake ɗora wa jiragen sama, ta yadda mutum zai yi ta harba mafi tsadar makamai ba tare da tunanin gobe ba, alhali a yaƙin gaske ƙarancin irin waɗannan makamai yana cikin abubuwan da ke ɗaure hannun kwamanda. Wannan ya sa ƙarfin sama ya rinjayi komai fiye da yadda ya kamata.

Hafsan nan mataimaki ma yakan zama kaya a manyan faɗace-faɗace, domin yana katse ka da rahoto a kan kowane ƙaramin abu a daidai lokacin da hankalinka ke kan babban hari. Manyan faɗan kuma suna matsa wa kwamfutocin wancan zamani, masu ƙwaƙwalwar da ba ta wuce kilobayit 640 ba, har wasan ya yi nauyi ko ya tsaya, don haka adana wasa a kai a kai wajibi ne. Sannan ya kamata mai wasa ya tuna cewa alƙaluman makaman Sobiyet da ke ciki ƙiyasi ne na masana ƙasashen Yamma a lokacin da ba a san komai dalla-dalla ba, kuma labarin kansa daga mahangar Amurka aka tsara shi. Kundin bayanan da ke cikin wasan, mai nuna kowane jirgi da radarsa da makamansa, taska ce ga mai son sani, amma shaida ce ta abin da aka yi zato a 1989, ba hukunci na ƙarshe ba. Wani abin da nake ganin ya dace a faɗa shi ne, alamar da ke ɓacewa daga allo tana wakiltar jirgi mai ɗauke da ɗaruruwan mutane, kuma wasan ba ya tuna maka da hakan ko sau ɗaya. Ya rage ga mai wasa ya riƙe wannan a ransa.

Bayan fitowar farko an ƙara wasu fagage da ake saye dabam: ayarin jiragen arewacin Atlantika, da Bahar Rum, da Tekun Indiya haɗe da Tekun Fasha, tare da manhajar da ke ba mutum damar ƙirƙirar nasa faɗan. Wannan manhaja ce ta tsawaita rayuwar wasan, domin masu sha'awarsa sun yi ta tsara faɗace-faɗace suna musaya shekara da shekaru. Mujallar Computer Gaming World ta zaɓe shi wasan yaƙi mafi kyau na 1990. An fitar da Harpoon II a 1994 da sabon tsari, an kuma tattara na farkon da ƙarin fagagensa da sunan Harpoon Classic, daga baya kamfanin Matrix Games ya haɗa tsofaffin fitowa da sababbi a kundi ɗaya. Wasan Command na 2013, wanda ya fi shi zurfi nesa ba kusa ba, a kan tafarkin da Harpoon ya share yake tafiya, sai dai zurfin nasa yana iya tsorata sabon shiga.

Wannan ne ma dalilin da ya sa nake ganin tsohon ya fi dacewa da mai farawa. Ƙa'idojinsa kaɗan ne da za a iya riƙe su a ka, amma sun isa su sa mutum ya fahimci dalilin kowace nasara da kowace asara. Ana iya kunna fitowar MS-DOS a kwamfutar zamani ta hanyar manhajar DOSBox, wadda kyauta ce, kuma ko tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta ishe shi, ba ya kuma buƙatar intanet. Da Turanci yake gaba ɗaya, cike da taƙaitattun kalmomin sojan ruwa, saboda haka littafin jagorar da ke tare da shi ba abin tsallakewa ba ne, musamman sashen da ke bayanin rada da sona. Wanda ke neman wasan harbe-harbe mai sauri ba zai sami biyan buƙata a nan ba. Wanda kuma yake da haƙurin zama da taswira, ya fara da Dawn Patrol a ɓangaren NATO, ya sake yin sa a ɓangaren Sobiyet, kuma kada ya karɓi jirgin dako sai ya iya nutsar da ƙananan jiragen abokin gaba ba tare da ya kunna radar jiragen ruwansa ba.